Rumbu Cike, Ƙofa a Kulle: Yadda Ake Ceto Ma'ajiyar Kwamfuta Idan Ta Ƙi Buɗuwa

Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da ke afka wa mai aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, da wuya a sami wadda ta fi tayar da hankali kamar a wayi gari ma'ajiyar bayanai ta ƙi buɗuwa. Ɗalibi ya soka filas ɗinsa domin ya buga aikin da ya yi makonni yana rubutawa, ko malami ya nemi sakamakon jarrabawar ɗalibansa, sai na'ura ta ce ba ta gane faifan ba, har ta kawo shawarar a yi masa fomatin. A irin wannan hali mutane da yawa sukan ɗauka kome ya salwanta. Alhali sau da yawa bayanan suna nan daram, hanyar kaiwa gare su ce kawai ta lalace. Rumbu cike yake da hatsi, ƙofa ce ta ƙi buɗuwa.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda kwamfuta ke tsara ajiyarta, da dalilan da ke sa ta kasa buɗe abin da ta ajiye, da kuma matakan da masana ke bi wajen ceto. Za a kafa hujja da wani lamari da ya auku a shekarar 2004, lokacin da irin wannan matsala ta kusa hallaka wata na'urar bincike a duniyar Mars, inda babu makanikin da zai iya kai hannu gare ta.

Mene ne tsarin fayil?

Kowace ma'ajiya, ko babban faifan cikin kwamfuta, ko filas, ko katin memori na waya, an yanka ta ne gida-gida, kamar ramukan dara. Bisa al'ada kowane gida yana ɗaukar bait 512, bait ɗaya kuwa shi ne gwargwadon harafi ɗaya na rubutun boko. Ke nan filas mai gigabait 8 yana da gidaje fiye da miliyan 15. Su waɗannan gidaje ba su da suna, sai lamba. Faifai bai san wasiƙa ba, bai san hoto ba, lamba kurum ya sani.

Abin da ke mai da wannan tarin lambobi ya zama fayiloli masu suna shi ne tsarin fayil. Ana iya kwatanta shi da rajistar ɗakin karatu. Littattafai suna kan kanta, amma rajista ce ke faɗin sunan kowane littafi, da kantar da yake, da kuma guraben da babu kome. Idan rajista ta ɓace, ba a yi asarar littafi ko ɗaya ba, sai dai mai nema zai rasa ta inda zai fara.

Tsare-tsaren fayil iri-iri ne. Akwai FAT, wanda kamfanin Microsoft ya ƙirƙiro a 1977, kuma har yanzu zuriyarsa ce ke cikin yawancin filas da katin memori. Akwai NTFS, wanda ya fito a 1993, shi ne Windows ke amfani da shi. A ɓangaren Linux kuwa akwai ext2 na 1993, sai ext3 na 2001, sannan ext4 da ya kankama a 2008. Duk da bambancinsu, sun yi tarayya a abubuwa uku. Na farko, babban shafi a farkon ma'ajiya, mai faɗin irin tsarin da girmansa da inda sauran rajista take. Na biyu, jerin sunayen fayiloli da jakunkunan da ke ɗauke da su. Na uku, taswirar da ke nuna gidajen da aka cika da waɗanda ke fanko.

Ɗora ma'ajiya

Kafin kwamfuta ta nuna wa mutum fayil ko ɗaya, dole ta karanta babban shafin nan, ta tabbatar lafiyarsa lau, ta kwaso wani sashe na rajista zuwa ƙwaƙwalwarta ta aiki, sannan ta jona ma'ajiyar da sauran jakunkunanta. Wannan mataki shi ake kira ɗora ma'ajiya. Yakan ɗauki ƙasa da daƙiƙa guda, shi ya sa ba a lura da shi sai ranar da ya gagara.

Abubuwa da dama kan hana shi. Wani lokaci wuta ce ke ɗaukewa ana tsakiyar rubutu, ko a fizge filas kafin na'ura ta gama aiki da shi. Ajiye fayil ɗaya yana bukatar rubutu a wurare da yawa, a rubuta bayanin kansa, a gyara jerin sunaye, a gyara taswira. Idan aka katse aikin a tsakiya, sai sassan rajista su saɓa wa juna. Wani lokaci kuma gidan da babban shafi yake ne ya lalace saboda tsufa ko faɗuwa. Alal misali, a tsarin ext babban shafin yana farawa ne bayan bait 1024 daga farkon yankin, kuma yana ɗauke da wata lambar shaida, EF53. Idan kwamfuta ta duba ba ta ga wannan shaida ba, sai ta ce ba ta san tsarin ba, ko da kuwa duk sauran faifan lafiya yake. Akwai kuma dalili na uku, wanda ba kasafai ake tunaninsa ba, shi ne ma'ajiyar lafiyarta ƙalau, amma kwamfutar ce ta kasa ɗaukar nauyin rajistar. Wannan shi ne abin da ya faru a duniyar Mars.

Shiru daga duniyar Mars

A ranar 10 ga Yuni, 2003, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba wata na'ura mai ƙafafun taya shida da aka raɗa wa suna Spirit. Nauyinta kimanin kilo 185 ne, tana samun wuta daga hasken rana, kuma aikinta shi ne binciken duwatsu domin neman alamun ruwa a tarihin duniyar Mars. Ta sauka a cikin kwarin Gusev ranar 4 ga Janairu, 2004. An tsara za ta yi aiki na kwana 90 na Mars, kwana ɗaya a can kuwa awa 24 ne da kusan minti 40. Tagwaiyarta mai suna Opportunity tana biye da ita a hanya. An kashe wa shirin biyun fiye da dala miliyan 800.

Kwamfutar da ke cikin Spirit ba ta kai ko kusa da wayar hannu ta yau ƙarfi ba. Tana da ƙwaƙwalwar aiki mai megabait 128, da ma'ajiyar filas mai megabait 256. Bambancin waɗannan biyu shi ne ginshiƙin labarin. Ƙwaƙwalwar aiki kamar allon aji take, ana rubutu a kanta da sauri, amma da zarar an kashe na'ura sai ta goge. Filas kuwa kamar littafi ne, abin da aka rubuta yana nan ko babu wuta. A cikin filas ɗin ake tara hotuna da sakamakon gwaje-gwaje kafin a aiko su duniya, kuma tsarin fayil ɗinsa na dangin FAT ne.

Ranar 21 ga Janairu, kwana na 18 da sauka, Spirit tana gaban wani dutse da masana suka sa wa suna Adirondack, sai saƙonnin da ake jira daga gare ta suka ƙi zuwa. Da farko an zargi hadari da tsawa da aka yi a tashar sadarwa ta kusa da Kanbera a ƙasar Ostareliya, ɗaya daga cikin tashoshi uku da ake magana da jiragen sama jannati ta cikinsu. Amma da shirun ya ci gaba, sai injiniyoyin cibiyar JPL da ke Pasadena a jihar Kaliforniya suka gane cewa ciwon yana jikin na'urar. Abin da ke isowa ɗan ƙaramin sauti ne da guntayen bayanai marasa kan gado. Shugaban shirin, Pete Theisinger, ya shaida wa manema labarai cewa na'urar tana cikin mawuyacin hali.

Abin da ya fi tsoratarwa shi ne Spirit ta daina barci. An tsara ta ne ta riƙa kashe kanta da dare domin tattalin batir, ta farka idan rana ta fito. Yanzu kuwa ta ƙi bin umurnin barci, batir yana tsiyayewa, kayan cikinta suna ɗaukar zafi. Daga bisani aka gano cewa kwamfutarta ta yi ta mutuwa tana tashi fiye da sau 60 cikin kwana uku. Ga shi kuma saƙo yana ɗaukar kusan minti 10 kafin ya isa can, amsa ma haka. Bugu da ƙari, Opportunity tana gab da sauka, kuma manhajar da ke cikinta iri ɗaya ce da ta 'yar'uwarta.

Gano cuta

Injiniyoyin suka yi nazari, suka ga cewa abin da ke maimaita kansa a kowace farkawa shi ake zargi, kuma ɗora ma'ajiyar filas yana cikin abubuwan farko da kwamfutar ke yi idan ta tashi. Da ma masu tsara manhajar sun tanadi wata ƙofar baya, wato umurnin da ke sa na'urar ta tashi ba tare da ta taɓa filas ba, ta kafa ma'ajiyar wucin gadi a cikin ƙwaƙwalwar aiki. Suna kiran wannan yanayi da sunan tashin gurgu. Da aka aika umurnin, sai kwamfutar ta tashi ta tsaya da ƙafarta, ta karɓi umurni, ta kuma yi barci. A ranar 24 ga Janairu aka ba da sanarwar cewa an gano inda matsalar take, sa'o'i kaɗan kafin Opportunity ta sauka lafiya a ɗaya gefen duniyar.

Bincike ya nuna cewa filas ɗin bai lalace ba ko kaɗan. Ga yadda abin yake. Duk lokacin da aka ɗora ma'ajiyar, manhaja takan gina hoton jerin fayiloli gaba ɗaya a cikin ƙwaƙwalwar aiki. A tsarin FAT kuwa, idan an goge fayil ba a cire layinsa daga jeri, sai dai a yi masa alamar cewa gurbin ya zama fanko. Saboda haka jeri yana iya tsawo, amma ba ya gajarta. Tun watanni bakwai na tafiya daga duniya fayiloli suke taruwa, ga kuma waɗanda binciken kowace rana ke haifarwa. A kwana na 18 jerin ya yi girman da hotonsa ya cinye duk sararin da ya rage a ƙwaƙwalwar aiki. Wani kuskure wajen saita manhajar ya ba wannan sashe damar ya yi ta cin sarari ba iyaka. Da sarari ya ƙare sai aiki ya tsaya, sai na'ura ta ga alamar matsala ta sake tashi, kamar yadda aka koya mata. Da ta tashi sai ta sake ƙoƙarin ɗora filas, sai ta sake faɗawa ramin da ta fito. Maganin da aka tanada shi ya zama cutar.

Gwaje-gwajen da aka yi a duniya kafin harbawa ba su daɗe har fayiloli su taru haka ba, shi ya sa kuskuren ya ɓuya. Biyu daga cikin injiniyoyin, Glenn Reeves da Tracy Neilson, sun rubuta cikakken bayanin lamarin a wata takarda da suka gabatar a 2005.

Abin lura shi ne yadda aka bi gyaran daki-daki. Ba a yi gaggawar share filas ba. An fara kwantar da na'urar, aka bar batir ya cika, aka leƙa cikin ma'ajiyar domin tabbatar da zato, aka kwaso abin da ake bukata, aka goge tarkacen fayilolin tafiya, sai a ƙarshe aka yi fomatin. Ranar 6 ga Fabrairu, kwana na 33, Spirit ta koma bakin aiki a kan dutsen Adirondack. An kuma ɗauki matakin kare Opportunity daga irin wannan cuta. Na'urar da aka yi wa zaton kwana 90 ta yi tafiyar kilomita 7.7, kuma ba a daina jin ɗuriyarta ba sai ranar 22 ga Maris, 2010.

Darasi daga ƙwayar halitta

Matsalar adana bayani da gyara shi ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam tana ɗauke da kundin gado, wato DNA, mai haruffa kusan biliyan 3 a kowane kwafi. Zafi da hasken rana da sinadarai suna yi wa wannan kundi lahani sau dubbai a kowace rana. Abin da ke ceton sa shi ne igiya biyu ce a murɗe, kuma haruffansa huɗu suna tafiya ne bibbiyu, A da T, G da C. Idan harafi ya lalace a igiya ɗaya, sai ƙwayar ta yanke shi, ta duba ɗaya igiyar ta mayar da daidai. Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar sun sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2015 saboda bayyana waɗannan hanyoyin gyara.

Masu tsara kwamfuta sun bi irin wannan dabara. Tsarin FAT yakan ajiye taswirarsa kwafi biyu. Tsarin ext yakan warwatsa kwafin babban shafinsa a wurare da dama cikin faifai. Sababbin tsare-tsare irin su NTFS da ext4 suna da abin da za a iya kira littafin niyya, inda kwamfuta ke rubuta gyaran da take shirin yi wa rajista kafin ta yi shi. Idan wuta ta ɗauke, da ta dawo sai ta duba littafin, ta ƙarasa abin da ya kammalu a rubuce, ta watsar da wanda bai kammalu ba.

Haka kuma, idan lahani ya yi yawa, wani furotin mai suna p53 yakan hana ƙwayar halitta rabuwa har sai an yi gyara, domin kada kuskure ya yaɗu ga 'ya'yanta. Ƙin ɗora ma'ajiyar da rajistarta ta rikice ma kariya ce irin wannan, domin rubutu bisa taswira mai kuskure yana iya danne fayiloli masu lafiya.

Akwai kuma gargaɗi. Idan igiyoyin DNA biyu suka tsinke tare, ɗaya daga cikin hanyoyin gyara ita ce a liƙa bakin da bakin kawai, ko da wasu haruffa sun zube. Kundin ya haɗu, amma wani bayani ya tafi. Manhajojin gyaran faifai ma haka suke. Burinsu rajista ta daidaita, ko da hakan zai sa a yar da wani fayil.

Matakan ceto

Mataki na farko shi ne a dakata. Kada a ajiye sabon abu a ma'ajiyar, kada kuma a amsa tayin fomatin. Duk sabon rubutu yana iya hawa kan gidajen da bayanan da ake nema suke.

Na biyu, a rarrabe ciwon jiki da ciwon rajista. A sauya waya, a sauya kafar sokawa, a gwada wata kwamfutar. Idan faifai mai juyawa yana ƙwanƙwasa ko yana ƙara baƙuwa, to a kashe shi nan take, domin allurarsa tana iya kankare fuskar faifan. Wannan aikin ƙwararru ne masu ɗaki marar ƙura, kuma buɗe faifai a gida yakan ƙarasa shi.

Na uku, a ɗauki hoton ma'ajiyar gaba ɗaya, gida bayan gida, zuwa wani faifai mai lafiya wanda ya fi ta girma. Manhajar ddrescue, wadda kyauta ce, takan fara kwashe wurare masu sauƙin karantuwa, sannan ta dawo kan masu gardama. Daga nan duk gwaji a kan kwafi za a yi shi, asali kuwa a ajiye shi gefe.

Na huɗu, a tayar da kwamfutar ta wata hanya, misali daga filas mai ɗauke da Linux, sannan a gwada ɗora ma'ajiyar a yanayin karatu kawai, ban da rubutu. Wannan shi ne kwatankwacin tashin gurgu da ya ceci Spirit. Idan ta ɗoru, a kwashe muhimman fayiloli kafin kome.

Na biyar, a kira manhajar gyara, fsck a Linux, chkdsk a Windows. Ba a gudanar da fsck a kan ma'ajiyar da ke ɗore ana aiki da ita, domin yin haka yana ƙara ɓarna. Yana da kyau a fara sa ta ta duba kawai ta ba da rahoto. Idan babban shafin ext ne ya lalace, ana nuna mata kwafinsa, wanda galibi yake a gida na 32768 idan girman gidajen tsarin bait 4096 ne, ko na 8193 idan bait 1024 ne. Fayilolin da aka tsinto ba suna sukan taru a jakar lost+found a Linux, ko FOUND.000 a Windows, sai mai su ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gane su.

Na shida, idan teburin da ke raba faifai yanki-yanki ne ya ɓace, manhajar TestDisk tana iya nemo iyakokin ta mayar. Idan kuwa rajista ta tafi gaba ɗaya, saura tsince. Kowane irin fayil yana da tambarin da yake farawa da shi, alal misali hoton JPEG yana farawa da FF D8. Manhajar PhotoRec takan bi gidaje tana neman irin waɗannan tambura. Takan dawo da fayiloli da yawa, amma ba tare da sunayensu ba, kuma wanda ke warwatse a wurare daban-daban yakan dawo a gutsure.

Fomatin shi ne na ƙarshe, bayan an tabbatar abin da aka ceto yana buɗuwa. Ma'ajiyar da ta nuna alamar lalacewar jiki kuwa ba a sake ba ta amana.

Kammalawa

Babu ma'ajiyar da ke dawwama. Filas ɗin Opportunity ma ya gaji da tsufa, har daga 2015 aka koma sarrafa ta ba tare da shi ba, tana aiko da abin da ta samu kowace rana kafin ta yi barci, haka ta ci gaba har guguwar ƙura ta rufe ta a watan Yuni na 2018. Saboda haka dabarun ceto, duk kyansu, ba su kai tanadi ba. A 1956 aka gano wata ƙwayar bakteriya mai suna Deinococcus radiodurans a cikin naman gwangwani da aka haska wa tururin nukiliya a jihar Oregon ta Amurka. Tururin yakan farfasa kundin gadonta gutsi-gutsi, amma cikin sa'o'i sai ta harhaɗa shi, kuma daga cikin sirrinta akwai cewa tana riƙe da kwafin kundin huɗu ko fiye a kowane lokaci.

Masana ajiyar bayanai suna ba da shawara mai kama da wannan, a riƙe kwafi 3 na duk abu mai muhimmanci, a ma'ajiya iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Ga makarantun da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, batirin tsaro da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintoci yana hana yawancin rikicewar rajista. Ɗalibi kuma ya saba da sallamar filas ta hanyar da ta dace kafin ya zare shi, ya kuma riƙa gwada buɗe kwafinsa lokaci-lokaci, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a wannan fage kuɗin rigakafin bai wuce na filas na biyu da minti biyar a ƙarshen kowane mako ba.